Fasfon Mama Rifkatu

Fasfo goma sha biyu Tankari ya kulle a durowa da safiyar Juma'a. Da ya dawo daga Masallacin Huaisheng ƙarfe biyu da rabi, sha ɗaya ya tarar. Ya zazzage durowar a ƙasa, ya sake dubawa ɗaya bayan ɗaya. Na Mama Rifkatu ne babu.

Tankari mutumin Maraɗi ne, shekara goma sha huɗu yana loda wa 'yan kasuwa kaya a unguwar Xiaobei, cikin birnin Guangzhou na China, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Shi ya sa Kiristocin Arewa da ke kasuwanci a garin suka ba shi ajiyar takardunsu, da suka haɗa ziyara zuwa Urushalima da Kogin Urdun da Dutsen Sina'i. Jirgi ran Litinin zai tashi. Sabon fasfo kuwa, ko uban wa ka sani, sai ya ci makonni.

Kuma a rasa wadda za a cuta sai Mama Rifkatu! Tsohuwa 'yar Zonkwa mai sarar labule, idonta na mutuwa a hankali. Likita ya ce da wuya ta kai baɗi tana gani. Ba ta da buri sai ta ga Urdun da idonta kafin ya rufe.

Tankari ya fara da Lin, 'yar China mai kula masa da ofis.

"Kin taɓa durowar nan?"

"Meyo, laoban," in ji ta, wato babu, maigida. Ta fita cin abinci ƙarfe sha biyu, ta bar makulli a gwangwanin shayi yadda aka saba.

Kyamarar baranda ta gaskata ta: waya kaɗai ce a hannunta, rigarta ko aljihu babu. Bayan fitarta sau biyu aka shiga. Na farko Luka, mai sarar wandon jins, ya kawo buhu takwas daga Xintang, garin masu ɗinkin jins. Na biyu Dattijo Istifanus, shugaban tafiyar, mai sayar da fitilun sola. Shi kaɗai ya shiga, ya yi minti goma sha ɗaya.

Kafin ƙarfe uku da rabi maziyartan sun cika ofis, kowa na huci. Dattijo bai jira a tambaye shi ba, ya juye jakarsa a tebur, ya zaro aljihunsa waje.

"Jerin sunaye na zo ɗauka. Ga ni, a caje ni. Amma a tambayi wancan da ko coci ba ya zuwa."

Luka ya zabura. "Ni? Ni ne ɓarawo? Mama ce ta sauke ni a garin nan!"

"Bon, ya isa, zauna," in ji Tankari. "Kai kaɗai ka shigo?"

"Da 'yan dako biyu. Ga su can a ƙasa."

Tankari ya sauka ya tambaye su, kowa daban. Bakinsu ɗaya: sun jibge buhuna a sito, sun fito tare, Luka bai ko kalli teburin ba.

Da ya hawo, ya iske Mama Rifkatu a durƙushe, Dattijo ya ɗora mata hannu a kai yana addu'a, gumi na zuba masa. "Ya Ubangiji, ka tona asirin azzalumi!" Aka amsa da amin. Bai gama share fuska ba ya ƙara da cewa, in har fasfon bai fito ba, kada kujera ta tafi a banza, surukinsa Ayuba a shirye yake.

Tankari ya matso kusa. Farin ɗankwalin Mama yake kallo. Ga sawun yatsu huɗu a kai, shuɗi raɗau, ita kuwa baiwar Allah ba ta ma san da shi ba. Ya fita baranda ya buga wa kamfanin da ya shirya tafiyar, tambaya ɗaya ya yi. Yana dawowa 'yan dako sun fara jan buhunan, motar da za ta kai su tashar jirgin ruwa ta Nansha ta iso.

"Ku aje su! Ba buhun da zai fita."

Ya juya. "Dattijo, buɗe hannunka."

"Haba Alhaji, wane irin wulaƙanci ne wannan?"

"Buɗe, na ce."

Ya buɗe. Shuni ya kwanta a tsagogin tafinsa, har ƙarƙashin farce.

"Mai sayar da fitila, mi ya haɗa ka da shuni?"

"Na... na gaisa da Luka."

"Ƙarya kake!" Luka ya daka masa tsawa. "Rabon da ka ba ni hannu tun Kirsimeti!"

Tankari ya bi bakin buhunan da yatsa. Bakwai ɗinkin inji ne. Na takwas an farke gefensa an ƙulle da hannu. Ya yanke zaren, ya zura hannu har gwiwa, ya jawo wando. Fasfon na cikin aljihun baya.

"Ku ji yadda aka yi," in ji Tankari. "Ya san za a caje kowa, shi ya sa bai fita da shi ba. Ya cusa shi a kayan Luka. In mota ta tafi, fasfo ya bi ruwa sai Legas. In an gano, Luka ne ɓarawo. Abin da bai sani ba, sabon jins da ba a wanke ba yana zuba, balle a hannu mai gumi. Wanda ke sana'ar ya san haka, shi bai sani ba. Kuma kamfani sun faɗa min cewa tun ran Talata ya tura musu sunan Ayuba, ya ce Mama ta fasa. Talata! Kwana uku kafin fasfon ya ɓata."

Ofis ya kaure. Sai da mutum biyu suka riƙe Luka.

Dattijo ya zube. "Mama, sharrin Shaiɗan ne. Na ga kamar... tunda idon ma..."

"Ƙarasa," ta ce. "Tunda idon ma me? Makauniya ce, me za ta gani?"



Tankari ya sa mata fasfon a hannu. Ta kai shi har gaban hancinta kafin ta gane hotonta.

"Mama, in kira 'yan sanda?"

"Bar su." Ta juya wajen Dattijo. "Istifanus, shekara tara nake cewa amin a bayanka. Da hannun da ka yi min sata ka dafa min kai."

"Ki yafe min, don Yesu."

"Ban yafe ba. Yau dai ban yafe ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Bari in je in ga ruwan nan da idona tukuna. A can zan tambayi Ubangiji ko zan iya."

Ta cusa fasfon cikin rigarta, ta lalubi ƙofa da kanta.