Tocilar Mai Haske

Bayan magariba matar Mai Haske tana wanke-wanke a tsakar gida, sai wari ya taso. Warin mushe ne, irin wanda ke zama a maƙogwaro. Ta duba kwata, ta ɗaga buhuna, ba ta ga ko ɓera ba. Can dutse ya faɗo kan kwanon rufi, wani ya biyo shi.

Mijinta shi ke riƙe da haske a wurin masu shirya fim, yana da manyan tociloli da yake caji a falo. A daren nan duk suka kunna kansu. 'Yarsu ta fari ta kwantsama ihu, ta toshe idonta, ta fara amai baƙi ƙirin. Kwana shida ana haka. Uwar ta goge amai har ƙyama ta hana ta cin abinci, yarinya kuwa sai bushewa take kamar kara. Shi maigidan ba ya rasa dalilin fita.

Ran na bakwai wan matar ya kawo malamin ruƙiya, ya tsare maigidan ya zauna. Malam ya jima yana karatu kafin yarinyar ta ɗago. Muryar wata tsohuwa ce ta fito daga bakinta.

"Ku fitar min da ƙazamin nan."

"Wa kike nufi?" in ji Malam.

"Mai tocila. Shekara arba'in ina zaune a lungun bayan dandalin da suke fim, ban taɓa kowa ba. Akwai labulen da mata ke canza kaya a bayansa. Sai ya ajiye babbar tocila ta wancan gefen, wai gyaran waya yake, ya zagayo cikin duhu ya tsaya a kan shimfiɗata yana kallon inuwarsu. Yawunsa har kan abincin jikokina."

Matar ta juya ta dubi mijinta. Ta so ya yi tsalle ya ce ƙarya ne, ya rantse, ya zagi aljanar ma. Shi kuwa babban yatsan ƙafarsa yake kallo.

"Yarinya ba ta yi miki komai ba," Malam ya ce. "Ki fita."

"A ba ni idonsa ɗaya."

"Ba ki da wannan hakkin."

Muryar tsohuwar ta ce, "To ya faɗa da bakinsa. Kuma kada ya sake taka lungun nan."

Malam ya ce a bari ya faɗa a keɓe. Matar ta ce a'a, 'yarta ba za ta ƙara minti ɗaya a haka ba don a rufa wa wani asiri. Mai Haske ya faɗa, murya can ƙasa: wata takwas yana yi.

Yarinyar ta yi atishawa uku, jikinta ya saki. Warin ya ɗauke. Uwar ta rungume ta tana kuka, tana fatan yarinyar ba ta ji komai ba.

Yarinyar ta buɗe ido ta nemi ruwa. Uban ya tashi da rawar jiki ya kawo kofi. Da ta ga shi ne, sai ta lalubo zanin gado ta ja shi har wuya, ta juya fuska bango.

"Umma," ta ce, "ke ki ba ni."