Keken Ɗinkin da Ya Sauko Shiru

Da hantsi aka kai ƙara caji ofis: an sace keken ɗinkin wata bazawara, tela, daga ɗakinta na saman bene. Da shi take ciyar da marayu uku.

Sufeto ya iske 'yan gidan sun riga sun yanke hukunci. Sun yi wa tsohon da ke ɗakin ƙasa zobe, kafintan unguwa na riƙe da wuyan rigarsa.

"Shi ne, Yallaɓai!" in ji kafinta. "Kullum yana ƙorafi ƙarar keken ta hana shi barci."

"Sake shi!" in ji Sufeto. "Wa ya naɗa ka alƙali?"

Tsohon mai gadi ne, da rana yake barci.

"Baba, me ka ji jiya da telar ta tafi kasuwa?"

"Wallahi ko tari ban ji ba, ɗana."

Sufeto ya tura kofur sama ya ja kujera. Ƙara ta sauko kamar rufin zai rufto. Kujera ke nan, ina ga keke mai ƙafafun ƙarfe? Ke nan tsohon ƙarya yake? Ran Sufeto ya ɓaci, don ya so tsohon nan ya fita daga zargi.

Ya hau da kansa. A inda keken yake tsayawa, ya ga ɗigon gam huɗu da ɓarɓashin soso mai kauri, an yanka shi tsaf da wuƙa.

"Baiwar Allah, kin taɓa neman maganin ƙarar nan?" ya tambayi telar.

"Sau uku na kira kafinta, saboda kunyar Baba. Ya auna ƙafafun keken, ya ce ba ta da magani, sai dai in bar sana'ar."

"Ya auna?"

"Har da rubutawa."

Kafinta ya rantse rabonsa da benen wata guda. Sufeto ya ce a je shagon kafintan.

Ga keke can bayan katakai, an lulluɓe shi da buhu. Kowace ƙafa an manna mata soso, daidai wa daida. Sufeto ya tura shi da hannu ɗaya, ya zame shiru.

"Ashe da magani!" in ji Sufeto. "Mata ta roƙe ka sau uku ka hana ta, da sata ta tashi kuma sai basira ta zo? Sannan ka shaƙe wuyan sa'an ubanka? Tir!"

"Sharrin shaiɗan ne, Yallaɓai. Na san kowa Baba zai zarga."

Kofur ya ɗaura masa ankwa, ya tasa ƙeyarsa.

Da aka mayar da keken, telar ta sa hannu za ta ɓamɓare soson don takaici. Tsohon ya tare ta.

"Bar shi, 'yata. Shekara biyu nake roƙon Allah wannan soson."