Ranar da Dogo Ya Sauke Teburin Tiyata

A'a gwaggon ango, mayar da takalminki ki zauna, ban gama ba. Ana gobe ɗaurin aure ki zo ki ce jikata ta ajiye aikin likitan mafitsara, wai na maza ne? Kin san ma yadda ɗanku ya same ta?

A ɗakin tiyata suka haɗu, dukansu likitoci. Teburin nan an ɗaga shi daidai tsawon maza, ita kuwa kin gan ta, ba ta kai ko'ina ba. Tana ɗage tana leƙe, sai ya turo mata ɗan benci da ƙafa. Ta hau, suka haɗa ido. Daga ranar ta zama Guntuwa, shi Dogo.

Tare suka fara aiki, amma babbar tiyata duk shi oga ke ba. Ita sai koyar da ɗalibai da lallashin masu kuka. Namiji ya shigo yana murƙususu, ya kalle ta ya ce, "Nas, kira min likita." Aka ɗaga Dogo a muƙami, ita tana nan inda take.

Yayanki ma ya ce ɗansa ba zai auri mai duba tsiraicin maza ba. Kuka kawo masa 'yar mai kemis. Duk ta shanye.

Abin da ba ta shanye ba, wani dattijo mai tsakuwa a ƙoda. Ita ta gano ciwon, ita ta shirya komai, sai oga ya ce Dogo zai yi aikin. Shi kuma Dogo ya ce to.

Yarinya ta daina cin abinci. Daga ƙofa zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa, har ni na fara jiri. Wayarta na ta ƙara ta ƙi ɗauka, sai ga saƙon Dogo. Ni ban san baƙi ba, na ce idona ne bai gani, ta karanta min.

"Guntuwata, ɗauki wayata ko zagi ne ki yi min."

Ta rubuta masa, "Ranka ya daɗe, ka je oganka ya ɗauka."

"Gobe ki zo da wuri. Kar ki nemi benci."

Na ce, "Je ki, 'yar nan. In ƙarya yake, ai wuƙa na kusa."

Ta tarar ya sauke teburin har ƙugunta. Ya ce wa oga a gaban kowa, "Mara lafiyarta ne, ni mataimaki ne yau." Ya miƙa mata wuƙa. Zabgegen mutum ya duƙa kamar mai wanki har aka gama, dattijo ya tashi lafiya.

Oga ya hana shi kujerar da ya yi masa alkawari. Da yamma ga saƙo: "Likita, na rasa kujera. Ko akwai wuri a bencinki?"

Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Kaka, me zan ce masa?" Na ce, "Ce masa ya turo manya."

Yayanki da kansa ya zo, don ya ga ɗan ba zai juya ba. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai tsawo daidai misali.

Aiki kuwa ba ta bari. Wanda ya duƙa bai ce bayansa na ciwo ba. Ke naki bayan me ya same shi?