Muryar da Ke Zuwa Bayan Kaset Ya Ƙare

Ranar da Auta ta fara shiga shagon gyaran rediyon, da yanar gizo-gizo a gefen mayafinta ta shiga. Mai gyaran ya ɗago kai daga rediyon da ya farke wa ciki, ya dube ta, ya manta da ƙarfen dalma a hannunsa sai da hayaƙin ya shiga masa ido.

"Ranki ya daɗe, daga wane rami kika fito?"

"Daga bayan kabad ɗin babana," ta ce, tana kakkaɓe mayafin. "Kuma na gaji."

Ta zauna a benci ta zayyana masa. Babanta, tsohon malamin lissafi, yana da wata amfilifaya, na'urar ƙara sauti, da ta girme ta, da sifika biyu masu kaiwa ƙugunta. Mashigar waya ɗaya ce tak a jikinta, maɓallin ƙara kuma ya mutu tun tana firamare. In Baba zai ji rediyo, sai a zare waya a sa wata. In talabijin ce, haka. In kaset ne, haka. Kuma tunda yayyenta duk sun yi aure, ita ce mai rarrafe.

"Ki saya masa sabuwa mana."

"Ka je ka faɗa masa da bakinka in ka isa."

Ya yi dariya, ya ce zai haɗa mata ɗan akwati mai mashiga huɗu da maɓalli biyu. Ɗaya ya zaɓi wanda zai yi magana, ɗaya ya rage ƙara. Ba ya shan wuta, ba ya cin batir, ba ya ƙara komai nasa, abin da aka ba shi kawai yake wucewa da shi. Ya ce kwana uku.

Washegari da azahar ya gama. Ba ƙwazo ba ne, son ganinta ne, ni dai ban yarda da wani dalilin ba. Wayarsa mai rufi ta ƙare a mashiga ta biyu, kuma maimakon ya jira a kawo, sai ya haɗa ta uku da ta huɗu da waya tsirara, ya kwantar da su kusa da juna, ya rufe murfi. Zuciyarsa ta ɗan sosa masa, ya ce mata ta yi shiru. Daga wannan gaggawar duk abin da ya biyo baya ya fito.

Baba ya ji daɗin akwatin ba kaɗan ba. Ɗaya rediyo, biyu talabijin, uku kaset. Ta huɗun kuwa mai gyaran ya jona mata wata 'yar na'urar bulutut kamar kwalin ashana, mai kamo sautin wayar salula ta iska, ya soke ta a soket ɗin bayan kabad, ya haɗa da wayar Auta. Baba ya ce ba shi da haɗi da waƙoƙin waya. Kafin mako ya zagayo kowa ya manta da ita.

Amma su biyun ba su manta da juna ba.

"Autata, yau sau biyu na ƙone yatsa. Ke ce sila, ki zo ki duba aikinki."

"Injiniyana, wanda bai iya riƙe ƙarfe ba yaya zai riƙe mace? Ka sa a ruwan sanyi, zan biyo in na tashi."

A ɗakin awon jini na wani asibiti take aiki, tana komawa gida bayan la'asar. Shi kuma da yake hannunsa kullum a cikin aiki yake, ya fi son tura mata saƙon murya. Abin da ya dame ta shi ne in ta shiga ɗakinta, wanda bango ɗaya ya raba da falon Baba, ta danna saƙon, sai wayar ta yi gum. Ta danna, ta sake dannawa, har sau biyar, shiru. Sai ta fita can ƙarshen tsakar gida wajen igiyar shanya, nan muryarsa take fitowa tas. Ta ɗora laifin a kan sabis, kamar yadda kowa ke yi.

A daidai wannan lokacin Baba yake zama da tsofaffin kaset ɗinsa. Sautinsu ya dusashe, don haka sai ya murɗa maɓallin har ƙarshe. Wata ranar Talata kaset ya ƙare, ya yi ƙas, falon ya yi tsit. A cikin shirun nan ya ji murya, can ƙasa-ƙasa, ta namiji.

"Saura kaɗan. Ina nan zuwa."

Ya tsaya da numfashi. Muryar ta sake faɗa, da sautin nan dai, ba ragi ba ƙari. Ta sake. Sau biyar.

Ya zare rediyo daga bango, ya zare talabijin, ya zare na'urar kaset. Washegari muryar ta dawo da wata maganar. Ya ƙwala wa Mama kira, kafin ta goge hannu ta fito daga kicin an yi shiru.

"Kin ji wani abu?"

"Me zan ji, Malam?"

"Ba komai. Je ki."

Akwai abin da ba a faɗa a gidan. Mahaifin Baba ya ƙare rayuwarsa yana amsa wa mutanen da ba wanda yake gani, a kulle a ɗakin baya, kuma Baba ne mai kai masa abinci yana ɗan shekara goma sha biyu. Auta ta san Kaka ya yi doguwar jinya, iyakar saninta ke nan. Shekara hamsin Baba yana sauraron kansa da tsoro, yana jiran ranar da abin zai ƙwanƙwasa. Yanzu ga shi, kuma da muryar da ya gane, muryar mai gyaran nan da ke sunkuyawa yana gaishe shi.

Ko dai saurayin ya yi masa asiri, ko kuma ciwon gidansu ya iso. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana dariyar masu maganar asiri, duka biyun abin kunya ne a wurinsa. Ya so ya cire akwatin ya jefar, amma ya kasa. In ya jefar kuma muryar ta ci gaba, to ya tabbata, shi kuwa tabbacin yake gudu.

Da kawun mai gyaran ya aiko neman izini, Baba bai ko bari manzon ya gama zama ba.

"Ku ce masa kada in sake ganin ƙafarsa a ƙofar gidana."

Auta ta durƙusa gabansa tana kuka. "Baba, me ya yi?"

"Ba zan yi miki dole ba, ke ba yarinya ba ce. Amma wannan, ko bayan raina ban yarda ba."

Ya fara ramewa. Ya daina zama da abokansa. Ya soma kiran ɗan amininsa, wani mai sayar da motoci mai yawan turare, yana jansa da hira a falo duk ranar da Auta ke gida. Lissafinsa shi ne ya ga Auta ta shiga ɗakin miji kafin duniya ta gane halin da yake ciki, don ya san in maganar ta fita, babu mai sake neman aure a gidan. Gidan ya yi nauyi, kowa yana tafiya a hankali kamar akwai marar lafiya a ɗaki.

Mai gyaran ya ga motar sau uku a ƙofar gidan, ya rubuto:

"Autata, in kin zaɓa ki faɗa mini da kanki. Zan iya ɗauka daga bakinki, ba zan iya daga bakin unguwa ba."

"Ban zaɓi kowa ba sai kai. Amma ina tsoro. Jiya na tarar da Baba a gaban sifika, komai a kashe, da auduga a kunnensa. Ka faɗa mini gaskiya, akwai abin da ya taɓa shiga tsakaninku?"

Kwana biyu bai amsa ba, don tambayar ta yi masa ciwo. A na uku ta zo shagon, idonta a kumbure. Ta zauna a bencin nan, ta ce Baba ya ba ta zuwa ƙarshen wata ta ba ɗan aminin nasa amsa, kuma ba ta jin za ta iya ce wa Baba a'a yana wannan ramar.

"Komai na gidan ya juya maka baya," ta ce, tana murmushin da ya fi kuka ciwo. "Ko muryarka ba ta fita a ɗakina. Sai na je wajen igiyar shanya."

Ya ajiye abin da ke hannunsa a hankali. "Tun yaushe?"

"Tun farko."

"Ƙarfe nawa kike dannawa?"

"In na dawo aiki."

"Baba me yake yi a lokacin?"

"Kaset ɗinsa." Ta dakata. "Mama ta ce kullum sai ya kira ta ya tambaye ta ko ta ji wani abu."

Nan take abin ya faɗo masa. Ya ga wayoyin nan biyu tsirara a kwance gefe da gefe kamar yanzu ya rufe murfin. Ya bayyana mata: wayarta tana shiga gida take kama 'yar na'urar bayan kabad, muryarsa ta bi ta huɗu, ta tsallaka ta uku, Baba kuma ya buɗe ƙara har ƙarshe.

Auta ta dafe ƙirji. Can ta ce, "To in kashe bulutut ɗin kawai. Muryar ta ɗauke, ba wanda ya sani."

Hanya ce mai sauƙi, kuma wallahi ta ja shi. Ba zai tsaya gaban surukin da yake nema ya ce aikinsa na algus ne ba, ba kuma zai amsa cewa duk zantukan da ya yi wa 'yarsa a falonsa suka sauka ba.

"In muka yi haka, zai mutu yana zaton ya taɓa zaucewa," ya ce. "Tashi mu je."

Baba yana zaune, kaset yana gab da ƙarewa, sai ya ga mutum a bakin ƙofa. Ya miƙe, ya kasa tantance ko da gaske mutumin yana wurin.

"Kina ganinsa?" ya tambayi Mama.

"Ina ganinsa mana, Malam."

Mai gyaran ya durƙusa. "Baba, ka kore ni bayan minti biyu. Mama, don Allah ki matso kusa da sifika. Auta, danna."

Kaset ya yi ƙas. Auta ta danna daga inda take tsaye. Muryar ta fito, siririya, daga cikin sifikar, alhali mai ita yana durƙushe bakinsa a rufe.

Mama ta ja da baya. "Ikon Allah. Ai muryar yaron nan ce."

"Kin ji?" Baba ya kama hannunta. "Ke ma kin ji?"

"Na ji, Malam. Cewa yake wai ya yi kewar hancinta."

Baba ya zauna daɓas. Ya rufe fuska da tafukansa, kafaɗunsa suna girgiza, kuma shekara talatin da biyar da aure Mama ba ta taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Da ya samu bakin magana, a gabansu duka ya ba da labarin ɗakin baya, da kwanon abincin, da abin da ya yi wata biyu yana haɗiya shi kaɗai. Auta ta rarrafa ta kifa kai a gwiwarsa.

Mai gyaran ya kwance murfin akwatin, ya miƙa masa. "Ga laifin, Baba. Waya mai rufi ya kamata in sa, na yi gaggawa na sa wannan. Na sani tun ranar, na yi shiru. Ba na neman komai, na zo ne ka san lafiyarka ƙalau."

Baba ya sa tabarau, ya daɗe yana duban wayoyin, irin duban da yake yi wa takardar ɗalibin da ya faɗi.

"Da ta kashe abin a wayarta, da ban taɓa sani ba. Haka ne?"

"Haka ne."

"Ka san haka ka zo?"

"Na sani."

"Gaggawar me kake yi?"

Mai gyaran ya saci kallon Auta, ya sunkuyar da kai don kunya. Mama ta juya tana ɓoye dariya a mayafi.

"Ka ci amanar aikinka, ka kusa kai ni kabari," Baba ya ce. "Ka ɗauka ka gyara, kwana uku cur, kada in gan ka kafin nan. Ranar da za ka dawo da shi, ka zo da kawunka."

Mai motocin bai ja da nisa ba, da Baba ya ba shi haƙuri sai ya karɓa, turarensa ya bar falon. Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba ya mayar da ƙibarsa, ya koma majalisar abokansa, har yana tsokanar angon cewa babu surukin da ya san sirrin zancen 'yarsa kamar shi, kuma gaskiya zancen ba wani daɗi.

Da za a tafi da amarya, ya kira su biyun falo, ya sa suka durƙusa. Ya ɗora hannu a kan Auta.

"Wata biyu na yi ina kwana kusa da uwarki da abu a cikina, ban faɗa mata ba," ya ce. "Kada ku yi irin tawa. Duk abin da ɗayanku ya ji ya tsorata, ya kira ɗan'uwansa su saurara tare. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka, ya sa ku tsufa da hankalinku da junanku."

Mama ta ce amin, suka ce amin, Auta ta tashi tana share ido ta bi mijinta.