Masaukin Baƙi a Yamai

Ranar kasuwar Filinge muka zauna da Isufu, yayan Balkisa, a rumfar mai shayi. Tun rasuwar mahaifinsu maganar aurenta a hannunsa take. Ya ce zai ba ni ita, amma sai in bar aikin ginin da nake yi a Yamai in bi shi Agadas.

Na ce masa Agadas tsada gare ta, tiyar hatsi a can ta kusa ninka ta Yamai. Ya yi dariya, ya ce ban iya lissafi ba.

"Lawali, tsadar Yamai ba a kasuwa take ba, a ƙofar ɗakinka take. Duk mutumin yankinmu na Kurfai da zai ga likita ko ya nemi takarda, wurinka zai sauka, ya ci, ya kwana. Agadas kuwa, kuɗin mota kaɗai ya tsare maka tukunya. Ƙanwata ba za ta ƙare wajen yi wa gari tuwo ba."

Gaskiya ya faɗa. Ɗakina bai taɓa yin sati babu baƙo ba.

Da la'asar na tarar da Balkisa tana ba awaki dusa. Na gaya mata komai, na ce in dai zan same ta, ko Agadas ɗin ne zan tafi.

Ta aje ƙwaryar.

"Bara da na kai Inna a duba mata ido, ina muka sauka?"

"Ɗakina..."

"Kai kuma ina ka kwana?"

"Wurin gini."

"To, masoyina, ni ma baƙuwa ce da ta cinye maka hatsi. Da Agadas kake, ina zan san ka? Kuma idon Inna bai gama warkewa ba. Wa zai sauke ta?"

Ita ta je ta faɗa wa Isufu haka, a gaban Inna. Da ya gama ji, sai ya ce a sa rana bayan an ɗauke amfanin gona.

Baƙonmu na farko bayan biki Isufu ne, ya zo neman takardun motarsa. Ya kwana biyu. Balkisa ta shimfiɗa masa sabuwar tabarma, ta aje tuwo a gabansa.

"Ci, Yaya," ta ce. "Nan Yamai ne."