Rokar Gwangwani ta Taron Xalapa

Da hantsin Lahadi Doña Eulalia Zamudio ta buɗe akwatin gilashi, ta kalli rokar da ke ciki. Wannan ba tasu ba ce.

Shekara talatin da ɗaya ke nan masoya labaran duniyoyin sama suna taruwa a Xalapa, tun suna su tara a bayan wani shagon kofi. A zaman farko suka ƙera roka da gwangwanin madara, ta zama tambarin taron. Bana aka yarda taron ya fara zagaya garuruwa, kuma da azahar Eulalia, shugabar taron, za ta miƙa rokar ga mutanen Orizaba. Dama suna zargin Xalapa ba ta son saki. In aka ba su jabu, ƙungiya ta rabe ke nan.

Mutum uku ne suka taɓa makullin akwatin.

Ta fara da Fermín mai gadin zaure. Ta same shi cikin shigar mutum-mutumin kwali, tun asuba an liƙe shi da gam saboda gasar sutura. Ya rantse ko hancinsa bai iya sosawa, matarsa ce ma ke ba shi ruwa ta siririn bututu. Eulalia ta miƙa masa makulli, ya kasa kamawa. Ta sallame shi.

Itzel, wakiliyar Orizaba, dariya ta yi. Ta ce wane mahaukaci ne zai saci abin da za a ba shi da tafi nan da awa biyu?

Eulalia ta koma ta ɗauki jabun tana jujjuyawa. Aiki ne mai kyau, har tsatsa an yi masa. Amma ta asali fikafikanta a karkace suke, tagar matuƙi kuma tana gindi, dab da inda wuta ke fita. Wannan komai nata daidai.

Ta tarar da Don Nicanor, tsohon malamin kimiyya, ɗaya daga cikin mutum taran farko, kuma na ukun waɗanda suka taɓa makullin, yana cin wake da waina a bayan rumfar mujallu.

"Don Nicanor, ɓarawon nan gwani ne. Sai dai ya yi kuskure, ya sa taga a sama."

"Kuskure?" Ya ajiye cokali. "Eulalia, a gindi ake sa taga? Matuƙi ne ko gasasshen kaza?"

Ta zuba masa ido. Ya ɗauki cokalin, ya sake ajiyewa.

Ta ce masa duk mai son yaudara irin ta asali zai kwaikwaya, da karkacewarta da komai. Mutum ɗaya ne a Xalapa hannunsa ba zai yarda ya ƙera roka ba daidai ba, shi ne wanda ya cika mujallar taron da wasiƙun ƙorafi a kan rokar.

Ya amsa laifinsa. Ya ce Orizaba cike take da injiniyoyi, ba zai jure su yi wa Xalapa dariya ba. Ya jawo ta asalin daga jakarsa, naɗe cikin tawul kamar jaririya.

Hukuncinsa, shi zai miƙa ta a kan dandamali, ya kuma yabe ta.

Da azahar ya hau, ya ɗaga ta sama. Ya daɗe yana neman abin faɗa.

"Ba ta taɓa kashe kowa ba," in ji shi, "don ba ta taɓa tashi ba."

Mutanen Orizaba suka miƙe tsaye suna tafi.