Sarewar Ƙarshen Zango

Taurin kai ba ilimi ba ne, amma 'yar ƙanena ba ta jin magana. Digiri na biyu take yi a fannin kiɗa. Washegari za ta miƙa aikin zango ko ta maimaita shekara, sai ta raba dare tana naɗar busar sarewarta a makaranta.

Wani dattijo ya shigo yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"'Yata, tashi. Dare namu ne."

"Baba, ko shugaban sashe bai isa ya tashe ni ba."

Ya yi dariya har tagogi suka girgiza. Ta dubi na'urar naɗar sautin. Allurar auna sauti da ko numfashi ke motsawa, ko gezau ba ta yi ba.

Ta ɗaga sarewar.

"To ka yi mini shiru. Saura kaɗan."